Yadda Za Ka Tsara Takardar Ado da Shafukan Albam na Biki a Kwamfuta

Kafin ka buɗe Photoshop, je ka ga mai buga hotunan da zai fitar maka da albam ɗin, ko ka kira shi. Tambaye shi abu huɗu: girman shafinsa, rarar da yake so a bar masa ta yanka, irin ɗaurin da zai yi wa albam ɗin, da irin fayil ɗin da na'urarsa ke karɓa. Mutane da dama suna tsallake wannan, su kwana suna ƙawata shafi, sai an je wurin bugawa a ce musu awon bai yi daidai ba. Daga nan kuma sai ja da matsi, fuskar amarya ta yi faɗi, ko wuƙar yanka ta tafi da rabin hular ango.

Zan yi bayanin ne da albam na biki, domin shi aka fi kawo wa masu wannan aiki, amma duk abin da ke nan ya shafi albam na suna, na saukar Alƙur'ani ko na kammala makaranta. Sunayen maɓallan na Photoshop ne. Wanda ba shi da shi yana iya aiki da GIMP, wanda kyauta ne, ko Photopea, da ke buɗewa a burauza kuma yana karanta fayil ɗin PSD, wato fayil ɗin aikin Photoshop. Inda hanyar GIMP ta bambanta sosai zan faɗa.

Awo da lissafi

Hoton da za a buga a riƙe a hannu ana so ya samu fiksel 300 a kowane inci (fiksel su ne ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto). Wannan lamba ita ce tushen duk lissafin. Shafi mai inci 12 tsawo da 12 faɗi, wanda shi ne girman da aka saba da shi a takardun ado, wato takardun bango da hotuna ke zama a kansu, zai zama fiksel 3600 da 3600. Takardar A4 kuwa 2480 da 3508 ce.

Sai dai albam ba shafi ɗaya-ɗaya ake kallonsa ba, buɗe shi ake yi a ga biyu tare. Don haka ka tsara su tare a fayil guda, inci 24 da 12. A kan wannan sai ka ƙara rarar yanka, yawanci inci 0.125 a kowane gefe, wato kimanin milimita 3. Irin rarar nan ce da tela ke bari a bakin yadi saboda ɗinki: ba za a gan ta a ƙarshe ba, amma in babu ita aikin ya ɓaci, domin wuƙa ba ta faɗawa daidai kan layi kullum, sai ka ga siririn farin layi a bakin shafi. Da rarar, fayil ɗinka ya zama inci 24.25 da 12.25, wato fiksel 7275 da 3675.

Shiga File, ka zaɓi New, ka sa waɗannan lambobin, Resolution ka sa 300, launi ka bar shi a RGB, 8 bit, tare da sRGB. Galibin masu buga hoto a takardar hoto sRGB suke so. CMYK na injin buga littattafai da kalanda ne, kada ka koma can sai mai bugawa ya ce ka koma.

Yanzu danna Ctrl da R ma'auni ya fito a gefe, ka jawo layukan jagora. Na farko a inda za a yanke, na biyu rabin inci daga nan zuwa ciki, na uku a tsakiya inda shafin zai ninke. Duk fuska da duk rubutu su tsaya cikin layi na biyu. A tsakiyar ma ka bar rabin inci hagu da dama. Idan albam ɗin irin mai buɗewa shimfiɗe ne, hoto yana iya ƙetare tsakiya, amma ko a nan kada ninkin ya bi ta kan ido ko hanci. Idan mai ɗinki ne ko mai gam, tsakiyar tana haɗiye wani yanki, sai ka nisance ta gaba ɗaya. Adana wannan fayil ɗin da babu komai a ciki sai layuka, ka sa masa suna, shi za ka riƙa buɗewa ga kowane sabon shafi.

Hotunan da kansu

A nan ake yawan yin asara, kuma manhaja ba ta iya gyara ta. Hoton da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, sau da yawa dogon gefensa ba ya wuce fiksel 1600. Raba 1600 da 300, ka samu inci biyar da ɗan kai. Iyakar girman da zai fita da kyau ke nan. Hoton nan dai, in daga waya mai megafiksel 12 ya fito, asalinsa 4000 da 3000 ne, wanda zai cika inci 13 da 10. Saboda haka ka roƙi dangi su turo a matsayin Document, ko ka karɓa da filash daga hannun mai hoto. Kafin ka ɗora kowane hoto, raba faɗinsa da 300 ka san inda ya tsaya. Babban hoton da zai zama bango yana iya sauka zuwa 200 ba a lura ba. Ƙasa da haka, ka mayar da shi ƙarami a shafi, ya fi mutunci.

Sannan ka zaɓa, kuma ka yi ƙarfin hali wajen zaɓen. Za a ba ka hotuna ɗaruruwa, uwar amarya tana son kowa ya fito, ƙawaye kowace tana son nata. Ware su folda-folda bisa yadda bikin ya gudana: kamu, sa lalle, ɗaurin aure, walima, kai amarya, buɗar kai. A kowace folda ka fitar da hoto ɗaya da in shi kaɗai aka gani an san me ya faru a wurin. Shi ne uban shafi, sauran 'yan rakiya ne. Ka kuma tabbatar dattawa sun samu wuri mai kyau tun yanzu, ba sai an gama a fara neman inda za a cusa kakar ango ba.

Yin takardar ado

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ra'ayina a kai ɗaya ne: takarda shimfiɗa ce, aikinta ta zauna a ƙarƙashin hoto ta ɗaga shi. Duk takardar da mai kallo ya fara gani kafin ya ga fuskar mutum, ta wuce gona da iri. Albam da yawa da ake fitarwa sun cika da furanni ja, zobba masu walƙiya da kurciyoyi da aka sauke daga intanet, alhali kayan da ke jikin mutanen sun ishe su ado.

Launi daga hotunan za ka ɗauko shi. Buɗe hoton da ankon bikin ya fito sosai, danna harafin I don ɗauko maɗaukin launi, ka taɓa wurare uku: launin da ya rinjayi atamfar, wani ƙaramin launi da ke cikin zanenta, da launi mai sanyi irin na shaddar ango ko mayafin amarya. Rubuta lambobinsu a gefe. Waɗannan ukun su za su bi albam ɗin daga farko har ƙarshe. Mai sanyin shi zai zama ƙasan takarda, kuma ka ƙara masa haske har ya kusa zama fari ko ruwan madara. Mai ƙarfin ka ajiye shi don siraran layuka da rubutu. In anko kore ne shar, kada takardar ma ta zama kore shar, matan za su nutse a cikinta.

Launi zalla yakan fito a sanƙare, sai an ba shi ɗan kaushi ya yi kama da takarda ta gaske. Yi sabon leya (Layer, wato shimfiɗa mai zaman kanta a cikin fayil) a kan launin, shiga Edit, Fill, ka zaɓi 50% Gray. Sannan Filter, Noise, Add Noise, ka sa kashi 3 ko 4, Gaussian, ka kunna Monochromatic. Mayar da yanayin haɗuwar leyan daga Normal zuwa Soft Light. Tokar za ta ɓace, ɗan yashi-yashin ya zauna. Wannan yana kuma hana layi-layin da ke fitowa a bugu inda launi ke sauka daga duhu zuwa haske.

In kana son kaushi mai rai, ɗauko shi daga gida. Shimfiɗa farar shadda, saƙi, sabuwar tabarma ko fatar dukawa kusa da taga, inda haske ke shigowa ta gefe, ka ɗauka da waya daga sama a miƙe. Kawo hoton kan launinka, cire masa launi da Shift, Ctrl da U, mayar da shi Multiply, ka rage Opacity zuwa kashi 15 ko 20. Zanen shadda yana fitowa a hankali ta wannan hanya, irin wanda sai an karkata shafin ake lura da shi.

Sai zane mai maimaituwa. Shawarar da na fi so in bayar ita ce ka nemi mai lallen da ta yi wa amarya, ka ba ta farar takarda da baƙar maka, ta zana maka fure biyu ko uku irin waɗanda ta sa a hannun amaryar. Ka biya ta, ka kuma gaya mata abin da za ka yi da shi. Da wannan albam ɗin ya samu abin da babu wani mai irinsa, kuma duk wadda ta halarci wunin lallen za ta gane furen. Dagin Arewa ma yana yi, haka zanen da magina ke yi a fuskar soro, in iyalin masu son gargajiya ne. Zanen atamfa kuwa na kamfanin da ya yi ta ne. In sayar da takardun za ka yi, zana naka.

Ɗauki zanen mai lallen da sikana ko waya. Danna Ctrl da L, ka ja maɓallin fari zuwa hagu har takardar ta yi fari fat, na baƙi zuwa dama har layin ya yi baƙi ƙirin. Shiga Select, Color Range, ka taɓa baƙin, sai ka yi sabon leya ka zuba launinka na biyu a cikin abin da aka zaɓa. Yanzu kana da fure mai launi, babu farin bango a bayansa.

Buɗe sabon fayil mai fiksel 600 da 600, bangonsa fanko, wato inci biyu. Sa fure ɗaya a tsakiya, kada ya taɓa gefe. Danna Ctrl da J ka kwafi leyan. A kan kwafin shiga Filter, Other, Offset, ka sa 300 a kwance, 300 a tsaye, ka zaɓi Wrap Around. Furen zai rabu huɗu ya koma kusurwoyi. Wannan rabuwar ita ce sirrin, domin in aka jera murabba'an, kusurwa huɗu za su haɗu su mayar da furen cikakke, ba a ga mahaɗa. In akwai fili tsakanin na tsakiya da na kusurwa, sa ɗan ɗigo ko ganye. Sannan Edit, Define Pattern, ka ba shi suna. Sababbin Photoshop suna da Pattern Preview a ƙarƙashin View, wanda ke nuna maka maimaituwar tun kana zana. A GIMP, Offset yana ƙarƙashin Layer, Transform, kuma akwai maɓallin da ke raba faɗi da tsawo biyu da kansa. In ka kwafi murabba'in, zai bayyana a farkon jerin zanukan zubawa.

Koma babban fayil, shiga Layer, New Fill Layer, Pattern, ka zaɓi naka. Gwada Scale a 100, 60 da 40, ka ja baya ka kalli shafin dukkansa. Kada ka wuce 100, zanen zai dushe. Sai ka rage Opacity sosai, kashi 8 zuwa 15. Za ka ji kamar ka ɓata wahalarka da ka dusashe shi haka, amma da zarar hoto ya hau za ka ga dalili.

Daga wannan gindin ka fitar da takarda uku kawai: mai launi zalla da kaushi, mai zane a ko'ina, da mai zane a siririn gefe ɗaya. Sun isa albam mai shafi talatin. Adana kowace a JPEG, ka kuma riƙe PSD ɗinta.

Jera hotuna a shafi

Kada ka yanke hoto da almakashin manhaja. Zana masa gurbi. Ɗauki Rectangle Tool ka zana murabba'i inda kake so hoton ya zauna. Shiga File, Place Embedded, ka kawo hoton, ka tabbata leyansa yana saman na gurbin kai tsaye, sai ka danna Ctrl, Alt da G. Hoton zai shige cikin gurbin, abin da ya yi rara ya ɓuya ba tare da an goge shi ba. Da Ctrl da T kana iya matsar da shi, ka ƙara ko ka rage, har fuskar ta zauna daidai. Amfanin Place Embedded shi ne hoton yana riƙe da asalin ingancinsa ko sau nawa ka rage ka ƙara. Amfanin gurbi kuma, in amarya ta ce a canza wannan hoton da wancan, minti ɗaya ya ishe ka.

Lura da maɓallin Shift wajen ja. A tsofaffin Photoshop sai ka riƙe shi hoto ke tsare siffarsa, daga na 2019 zuwa sama kuwa an juya abin, riƙe shi ne ke sa hoto ya miƙe. Ja daga kusurwa, ka kalli fuskar, in ta yi tsawo ko faɗi danna Ctrl da Z.

Tsarin da ba ya ba da kunya shi ne babban hoto ɗaya ya cika shafin hagu har rarar yanka, shafin dama kuma ya ɗauki ƙanana uku ko huɗu a kan takardar ado. A buɗi na gaba ka juya, babban ya koma dama. Tazarar da ke tsakanin ƙananan ta zama iri ɗaya ko'ina, misali fiksel 60. Zana ɗan murabba'i mai wannan girman ka riƙa auna da shi. Gefunansu su hau layi ɗaya. Mutumin da ke kallon gefe, ka sa shi ya kalli cikin albam, kada ya kalli waje. Hoton taron ɗaurin aure, inda maza suka cika ƙofar masallaci, faɗi yake so, ba shi buɗi guda shi kaɗai. Hannun amarya da lalle, zobe, kwalbar turare, jeren akwatunan lefe, waɗannan ƙanana ne masu daɗin kallo, su ke ba ido hutu tsakanin hotunan jama'a. Kuma ka bar fili. Ba kowane lungu ne sai an cike ba.

Farin baki da inuwa a kan leyan gurbin ake sa su. Danna shi sau biyu, a Stroke ka sa fari, fiksel 15 zuwa 20, Position a Inside don kusurwa ta fito da kaifi. A Drop Shadow, Opacity kashi 25 zuwa 30, Distance 10, Size 25, ka bar Use Global Light a kunne don inuwa duka ta faɗi gefe ɗaya. Danna dama a kan leyan, Copy Layer Style, ka liƙa wa sauran.

Akwai wani abu da nake roƙon duk mai wannan aiki. Ango cikin farar babbar riga a rana, kyamara takan bi farin ta bar fuskar cikin duhu. Gyaran shi ne ka ɗaga duhun da Curves, ka rufe rigar da abin rufe leya (Layer Mask) don aikin zarenta kada ya ƙone. Abin da ba gyara ba ne shi ne a wanke fatar mutum har ta koma wani launi, a goge ta sumul har 'ya'yansa su kasa gane shi nan gaba. Ka haskaka hoton, ka bar wa mutum fatarsa.

Rubutu

Kaɗan ya isa: sunan taron, wuri da kwanan wata, in ana so har da na Hijira. Nau'in haruffa biyu kacal, ɗaya na kanu, ɗaya na bayani, kuma girman na bayanin kada ya gaza maki 10 (10 pt). Kafin ka zaɓi kowanne, rubuta ɓ, ɗ, ƙ da manyansu ka gani, har da ƴ in rubutun Nijar ne. Yawancin haruffan ado ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar Ɗaurin Aure, ko harafi ɗaya ya fita daban da 'yan'uwansa. Noto Serif, Gentium, Charis da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. In za ka sa addu'a da Larabci, ba wanda ya iya karatun ya duba, domin manhaja takan raba haruffan ko ta juya su in ba a saita ta ba. Sunayen mutane kuwa ka tura wa mai bikin ya tabbatar da su a rubuce.

Fitarwa

Leya ɗaya cikakke a wannan girman yana cin kimanin megabait 80, don haka kowane buɗi ya zama fayil nasa, kuma ka saba da Ctrl da S saboda ɗaukewar wuta. PSD ba ya wuce gigabait 2, in ka kai nan sai PSB, wanda aka yi don manyan fayiloli. A GIMP, XCF ne ke riƙe leyoyi.

Da ka gama, tura wa masu biki ƙananan kwafi su duba, su yi duk ƙorafinsu a lokacin. Bayan sun amince, fitar da kowane buɗi ta File, Save a Copy, JPEG, inganci 11 ko 12, tare da alamar sRGB a kunne. Layukan jagora ba sa fitowa a bugu. Sa wa fayilolin lamba 01, 02, 03, da sifili a gaba, don kwamfutar mai bugawa ta jera su daidai. Kai su da filash ko ka ɗora a Google Drive.

Kada ka ba da umarnin buga duka sai an buga maka buɗi ɗaya na gwaji, a kan ainihin takardar da za a yi albam ɗin da ita. Zaɓi wanda ya fi wuya, mai farar riga da fuska mai duhu da takarda mai zane. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa ba ta yi, shi ya sa bugu yakan fito da duhu fiye da abin da ka gani. Fita da shi waje ka duba a inuwa da rana tsaka. In ya yi duhu, sa leyan Curves ɗaya a saman komai, ka ɗan ɗaga tsakiyarsa, ka kwafe shi zuwa duk fayilolin, sannan ka rage hasken sikirin ɗinka har ya yi kusa da takardar da ke hannunka. In zanen bangon ya fito da ƙarfi fiye da yadda ka zata, rage shi da kashi uku ko huɗu ka sake gwadawa. Bayan an ɗaure albam ɗin, ba iyalin kwafin JPEG ɗin, kai kuma ka ajiye PSD da zanukan a wuri biyu, domin sau da yawa dangin ango sukan dawo neman nasu kwafin da hotunan ɓangarensu a gaba.